Katin Ruwan Hoda: Neman Taƙaitaccen Izinin Tuƙi Bayan Ƙwace Lasisi a Niyu Zilan

Idan ɗan sanda ya tsayar da mota a ƙasar Niyu Zilan ya ce direba ya miƙo lasisi, tun kafin ya karanta suna, launin katin ya riga ya ba shi rabin labari. Shuɗi na ɗan koyo ne. Ruwan ɗorawa na wanda ya ci jarrabawar tuƙi ta farko ne amma ba a gama sakar masa mara ba. Kore na cikakken direba ne. Akwai kuma na huɗu, mai ruwan hoda, wanda ba wanda ke fatan ya riƙe shi. Mai wannan kati ya taɓa tsayawa gaban alƙali. An taɓa raba shi da sitiyari, sannan aka sake miƙa masa, amma da igiya a ɗaure.

Ɗaya daga cikin masu riƙe wannan kati shi ne wanda ya samu taƙaitaccen lasisi. Mutum ne da hukuncin hana tuƙi ke kansa, hukuncin kuma bai ƙare ba, amma kotu ta amince ya tuƙa mota kaza, a ranaku kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, a cikin iyakar da aka shata masa, kuma don wata buƙata guda da aka rubuta. Idan ya ƙetare wannan layi ko da taku ɗaya ne, doka na kallonsa daidai da wanda ba shi da izini ko kaɗan.

Sai mutum ya san yanayin ƙasar zai gane dalilin da ya sa aka bar wannan ƙofa. Niyu Zilan ta fi Birtaniya faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba. Da zarar ka bar manyan birane irin su Oklan da Welintin, motar haya sai ta zama abin nema da fitila. A yankin Waikato, inda kiwon shanun madara ya kafu, tatsa tana farawa tun kafin gari ya waye, kuma ba bas ɗin da ke bin hanyoyin gona a wannan lokaci. Mai aikin daji, mai gyaran famfo, ma'aikaciyar da ke zagayawa gida gida tana kula da tsofaffi, duk abincinsu yana cikin mota. Ranar da aka karɓe lasisin irin waɗannan, galibi tukunyar gidansu aka sauke.

Hanyoyi biyu da lasisi ke kuɓucewa

Hanya ta farko ita ce ta makin laifi. Kowane ƙaramin laifin hanya yana da makin da ake rubuta wa direba. Wanda ɗan sanda ya kama yana taɓa waya yana tuƙi, maki 20 ne. Gudun da ya haura ƙa'ida yana jawo daga maki 10 har zuwa 50, gwargwadon yadda aka wuce gona da iri. Duk wanda ya tara maki 100 cikin shekara biyu, za a dakatar da lasisinsa na wata uku. Ba shari'a a nan, ba alƙali. Takarda kawai za a miƙa masa. Da yawa daga cikin waɗanda abin ke rutsawa da su mutane ne da ke wuni a kan titi saboda aiki, suna tsintar maki kaɗan kaɗan ba su ankara ba, har tulu ya cika.

Hanya ta biyu ita ce ta kotu, kuma mafi yawan abin da ke kai mutum can shi ne tuƙi cikin maye. Tun 1 ga Disamba 2014 aka rage ma'aunin barasa ga direba mai shekara 20 zuwa sama, ya koma maikirogiram 250 a kowace lita ta numfashi. Daga 251 zuwa 400 tara ce da maki 50. Abin da ya haura 400 kuwa laifi ne na zuwa kotu, kuma a karon farko yana iya jawo ɗaurin da ya kai wata uku ko tarar da ta kai dalar ƙasar 4,500, tare da hana tuƙi na aƙalla wata shida. Wanda bai kai shekara 20 ba, ba a yarda a samu ko ɗigo a jikinsa ba. Tuƙin ganganci da tuƙin da ya raunata wani su ma ta wannan hanya suke bi.

Tsananin ba haka kawai ya faɗo ba. A shekarar 1973 mutum 843 suka mutu a titunan ƙasar, lokacin da jama'arta ba ta wuce miliyan uku ba sosai. An yi shekaru ana ƙara matse doka, har adadin ya sauko 253 a 2013, sannan ya sake haurawa sama da 370 a 2017 da 2018. A ƙasa mai ƙarancin mutane irin wannan, da wuya a samu ƙauyen da bai taɓa binne wanda hanya ta ci ba. Duk alƙalin da aka kawo wa takardar neman sassauci yana karanta ta ne da sanin wannan.

Abin da doka ke aunawa

Dokar sufurin ƙasa ta 1998 ce ta tsara al'amarin, a sassa na 103 zuwa 105. Mai nema sai ya gamsar da kotun gunduma da ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai hana shi tuƙi zai jefa shi kansa cikin matsanancin ƙunci, ko kuma zai jefa wani mutum daban cikin wahalar da ta wuce kima.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin zuciyar dokar ke nan. Ma'auni biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ga mai laifin, an ɗaga sandar sama: sai ƙuncin ya zama matsananci. Takura ba ta isa ba. Tashi da asuba don jiran wani ya rage maka hanya, biyan kuɗin tasi, rasa zuwa kallon wasa ko ziyarar abokai, duk wannan shi ne ainihin hukuncin, kuma an so ya ji shi a jikinsa. Amma ga wanda bai ji ba bai gani ba, matar aure ko yaro ko tsohuwar uwa ko mai gidan da ke biyan albashi, an sassauta ma'aunin. Ya isa a nuna cewa wahalar da za ta same shi ta fi abin da ya kamata marar laifi ya ɗauka.

Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gaskiya ne, sai dai ruwan ba ya tsayawa kan tsuntsun. Yana jiƙa sheƙa da 'ya'yan da ke ciki. Abin da wannan doka ke ƙoƙarin yi shi ne ta bar ruwan ya doki tsuntsun, ta kuma rufa wa sheƙar asiri. A ganina wannan niyya ce mai kyau, kuma da ita ya kamata a auna duk wani taƙaitaccen lasisi da aka bayar: wa aka ceta da shi? Idan jin daɗin direban kawai aka ceta, an yi wa dokar fashin fahimta.

Mu ƙaddara wani magidanci mai aikin tatsa a wata gona a Waikato, gidansa na da nisan kilomita 20 daga wurin aiki. An kama shi da dare yana dawowa daga biki, numfashinsa ya nuna 500, karonsa na farko. Kotu ta ci shi tara, ta hana shi tuƙi wata shida. Matarsa ba ta tuƙi. Mai gonar ya ce ba zai iya riƙe masa gurbi rabin shekara ba, shanu ba sa jira. Suna da ƙaramin yaro mai asma da ake kai wa asibiti a birnin Hamiltin lokaci lokaci. Wannan shi ne irin mutumin da aka buɗe ƙofar domin shi, kuma duk da haka ba zai shiga washegari ba.

Ga laifuffuka masu nauyi, irin su maye da tuƙin ganganci, doka ta sa jiran kwana 28 daga ranar da hukuncin ya fara aiki. A cikin waɗannan kwanaki ba alƙalin da ke da ikon ba shi izini, ko da hujjarsa ta fi hasken rana. An yi haka ne don kowa ya ɗanɗana hukuncin tsantsarsa kafin a yi maganar sauƙi. Wata guda ke nan da zai nemi mai kai shi gona da asuba, ko ya kwana a can, ko ya roƙi hutu. Wanda aka dakatar saboda tarin maki ba a ɗora masa wannan jira ba, yana iya shigar da takardunsa nan take.

Akwai kuma waɗanda ƙofar a rufe take gare su ruf. Wanda aka hana tuƙi saboda an kama shi yana tuƙi alhali an riga an hana shi, ba ya nema. Wanda ya aikata biyu daga cikin manyan laifuffukan hanya a lokuta daban daban cikin shekara biyar, ba ya nema. Wanda aka yanke wa hanin da ba shi da ranar ƙarewa saboda maimaita tuƙi cikin maye, shi ma haka. Dakatarwar kwana 28 da ɗan sanda ke yi nan take a bakin titi, misali ga wanda ya haura ƙa'idar gudu da fiye da kilomita 40 a awa, ita ma ba a neman sassauci a kanta. Saƙon a fili yake: ana yafe tuntuɓe, ba a yafe hali.

Takardu, rantsuwa da 'yan sanda

Aikin neman kusan duk a rubuce yake. Mai nema zai shigar da takardar buƙata, da takardar rantsuwarsa, da daftarin umarnin da yake so alƙali ya sa wa hannu. Ana rantsuwar a gaban lauya, ko magatakardar kotu, ko ɗaya daga cikin amintattun mutanen gari da gwamnati ta ba ikon rantsar da jama'a, waɗanda ke yin aikin kyauta. A ciki zai faɗi laifinsa ba tare da kwana kwana ba, ya bayyana tarihin tuƙinsa, aikinsa, abin da ke shigo masa da abin da ke fita, nisan hanya, da dalilin da ya sa bas ko keke ko taimakon ɗan uwa ba za su wadatar ba.

Bakinsa kaɗai ba ya isa. Idan ya ce aikinsa zai tafi, sai mai gidansa ya rantse da kansa cewa haka ne, ya faɗi dalilin da ya sa ba za a iya canza masa wani aikin da ba tuƙi ba. Idan ya ce yaro na buƙatar asibiti, ana son shaidar likita. Idan matarsa ce za ta wahala, ita za ta faɗa da bakinta a rubuce. Nan ne masu nema da yawa ke faɗuwa. Wani kunya ke hana shi gaya wa mai gida cewa an kama shi da maye, sai ya zo kotu da zance ba madafa. Wani kuma ƙari yake yi, ya mai da wahala kaɗan ta zama masifa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da aka yi cikin rantsuwa, wadda ita kanta laifi ce da ta fi wanda ya kawo shi kotun.

Kafin ranar zama, dole a kai wa 'yan sanda kwafin komai. Suna da damar su yi shiru, ko su ƙalubalanta, ko su ce sun yarda idan an gyara kaza da kaza. A aikace, ciniki mai yawa a wannan mataki ake gama shi. Mai gabatar da ƙara zai duba daftarin ya ce awannin sun yi yawa, ko yankin ya yi faɗi, ko ranar Lahadi ba ta da hujja. Wanda ya nemi a bar shi ya tuƙa dare da rana ko'ina a ƙasar ya nuna bai fahimci abin da yake nema ba. Wanda ya zo da taswira, ya ja layi daga ƙofar gidansa zuwa gona, ya ce daga ƙarfe huɗu na asuba zuwa bakwai na yamma, ga lambar motar, ga ranakun, shi ya fi kusa da samun biyan buƙata.

A gaban alƙali zaman ba ya tsawo. Yana iya tambayar mai nema kai tsaye: me ya sa ɗan uwanka ba zai kai ka ba? Ka nemi ɗaki kusa da wurin aiki? Me ka yi game da shan tun ranar da aka kama ka? Ko da an tabbatar da ƙuncin, akwai shinge na ƙarshe, wato lafiyar jama'a. Idan alƙali ya ga barin wannan mutum a titi haɗari ne ga wasu, zai hana, komai tausayin da labarin gidansa ya ba shi. Wanda aka hana kuwa ba ya dawowa da buƙata iri ɗaya sai bayan wata uku.

Idan an dace, har yanzu ba a taɓa makulli. Umarnin kotu ba lasisi ba ne. Izini ne na zuwa a nemi lasisin. Sai an ɗauki umarnin mai hatimi an kai ofishin wakilan hukumar sufuri ta Waka Kotahi, irin su AA ko VTNZ, an cike fom, an biya kuɗi, an samu lasisin a hannu. Wanda ya fito daga kotu cikin murna ya shiga mota ya tuƙa zuwa gida ya aikata sabon laifi tun kafin tawadar alƙali ta bushe.

Rayuwa a cikin layi

Sharuɗɗan sukan haɗa da ɗaukar kwafin umarnin kotu a cikin mota koyaushe, da ajiye littafin tafiya da ake rubuta lokacin tashi, inda aka nufa, dalili, da lambar kilomita kafin a tayar da injin. Ga wanda maye ya kawo shi, akan ƙara cewa kada a samu barasa ko kaɗan a jikinsa yana tuƙi. Mutuminmu na Waikato zai iya zuwa gona ya dawo, ya kai yaro asibiti idan an rubuta haka. Ba zai iya ratsewa kasuwa ba idan ba a rubuta ba. Ba zai kai maƙwabci tasha ba. Ranar hutu motar a ajiye take.

Wanda ya karya sharaɗi ana tuhumarsa a ƙarƙashin sashe ɗaya da mai tuƙi bayan an hana shi. Ana iya tsare motar kwana 28, ga yiwuwar ɗauri ko tara, ga sabon hani na aƙalla wata shida, wanda a wannan karon ba taƙaitaccen lasisi a cikinsa. Kuma kamawar ba abu ne mai wuya ba. Tun 1993 'yan sandan ƙasar ke da ikon tsayar da kowace mota su sa direba ya hura na'urar gwajin barasa ba tare da wani zargi ba, doka kuma ta wajabta wa direba ya riƙe lasisinsa duk lokacin da yake tuƙi.

Akwai wani gefe na al'amarin da bai kwanta mini ba. Duk wannan tsari na takardu da rantsuwa da ciniki da 'yan sanda ya fi sauƙi ga mai kuɗin ɗaukar lauya. Akwai lauyoyin da wannan ne babban aikinsu, sun san kalmar da ke shiga kunnen mai gabatar da ƙara da wadda ke tayar masa da hankali. Talakan da ya fi kowa buƙatar izinin, wanda albashin mako guda ke tsakaninsa da rasa gidan haya, shi ne kuɗin kotu da na lauya da na kati ke yi wa nauyi, ga tara tana jiransa. Doka ba ta ce sai da lauya ba, kuma cibiyoyin ba da shawarar shari'a kyauta da ke faɗin ƙasar suna taimaka wa masu son shirya takardunsu da kansu. Duk da haka, wanda rubutu ke ba shi tsoro, ko baƙon da Ingilishi bai zauna a bakinsa ba, sau da yawa ba ya ma gwadawa.

Abin da irin wannan mutum ke yi sananne ne: yana tuƙi a ɓoye. Binciken masana a ƙasashe da dama ya daɗe da nuna cewa kaso mai yawa na waɗanda aka hana tuƙi ba sa dainawa. An kama shi, an ƙara hani. Ya sake fita neman abinci, an sake kamawa. A karo na uku hukuncin na iya kai shekara biyu a gidan yari. Mutum ya fara da tarin makin gudu, ya ƙare a kurkuku, ba tare da ya taɓa buge kowa ba. 'Yan majalisar ƙasar sun ga wannan tarko, shi ya sa sashe na 94 na dokar ya ba alƙali damar maye gurbin sabon hani da hukuncin yi wa al'umma aiki ga wasu da suka riga suka faɗa cikinsa. Amma gara a kama hannun mutum tun a bakin rijiya. Ƙofar da mai kuɗi kaɗai ke iya turawa ba ta cika manufar da aka gina ta dominta ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yanke

Ba kowa ya yarda da wannan sassauci ba, kuma masu adawa da shi ba marasa tausayi ba ne. Faransa ta daɗe da abin da ake kira permis blanc, wato farin lasisi, inda alƙali ke taƙaita dakatarwa ta yadda mutum zai ci gaba da tuƙi don sana'arsa. Da yawa sun ga ya zama tsagar bangon da ƙadangare ke shiga. A ranar 14 ga Yuli 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa kiyaye haɗarin hanya cikin manyan ayyuka uku na mulkinsa, a shekarar da mutum fiye da 7,000 suka mutu a titunan ƙasar. Dokar 12 ga Yuni 2003 ta soke farin lasisi ga manyan laifuffuka, ciki har da tuƙi cikin maye ko bayan shan ƙwaya, da guduwa bayan haɗari, da kisa ba da niyya ba. A shekarar ce kuma aka fara kafa na'urorin kama masu gudu. Zuwa 2006 mace macen sun sauko ƙasa da 5,000. Ba soke farin lasisi kaɗai ya kawo haka ba, amma yana cikin abin da ya sa direbobi suka gane cewa hukunci ya daina zama abin ciniki.

Birtaniya ba ta da taƙaitaccen lasisi sam. Ko kana tuƙi, ko ba ka tuƙi. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku yana fuskantar hanin wata shida, sai dai ya gamsar da kotu cewa ƙuncin da zai biyo baya ya fita daban, a rage masa ko a ɗage baki ɗaya, kuma ba zai sake kafa hujja da dalili ɗaya ba cikin shekara uku. Mai maye kuwa aƙalla wata 12 ne, ba maganar aiki ko iyali. A jihar Kwinslan ta Ostireliya akwai lasisin aiki, amma sai an nema a zaman da ake yanke hukunci kafin alƙali ya furta hanin, kuma sai ma'aunin barasar da ke jininsa bai kai 0.15 ba. Wanda bai san haka ba ya fita daga kotu, dama ta wuce.

Idan aka jera su, za a ga tambaya ɗaya kowa ke amsawa: tsakanin abincin gidan mai laifi da ran wanda bai sani ba da ke tafe a ɗaya hannun titi, wanne za a fifita? Uwar da mai maye ya kashe wa ɗa ba za ta ga dalilin da zai sa a damu da aikin wani mai maye ba, kuma ban ga wanda zai iya kallon idonta ya ce ta yi kuskure ba.

Na'urar da ke tsakanin numfashi da makulli

A 'yan shekarun nan an samu wata hanya da ta rage kaifin wannan tambaya. Na'ura ce da ake haɗawa da makullin mota; sai direba ya hura, idan ta ji barasa injin ba zai tashi ba, kuma tana sake neman a hura ana cikin tafiya, tana adana duk abin da ya faru. Tun 1 ga Yuli 2018 Niyu Zilan ta wajabta ta ga wanda ya maimaita tuƙi cikin maye cikin shekara biyar, da wanda ma'auninsa ya kai maikirogiram 800 ko da karon farko ne. Bayan hanin aƙalla kwana 28, zai yi aƙalla wata 12 da na'urar, sannan shekara uku da lasisin da bai yarda da ɗigon barasa ba. Waɗannan ma katinsu ruwan hoda ne, kuma wanda aka ɗora wa na'urar ba ya neman taƙaitaccen lasisi. Akwai tallafin gwamnati ga marasa ƙarfi wajen biyan kuɗinta. Faransa ma, wadda ta rufe ƙofar farin lasisi ga masu maye, ta sake buɗe wata ta wannan hanya: tun 2019 wakilin gwamnati a kowace jiha na iya barin mutum ya ci gaba da tuƙi da na'urar a maimakon dakatarwa.

Bambancin a fili yake. Taƙaitaccen lasisi yana takura wuri da lokaci, amma ba wuri da lokaci ne suka kashe mutane ba. Wanda aka ba izinin tuƙi daga asuba zuwa magariba zai iya sha da rana. Na'urar kuwa ta tare ainihin abin da ake tsoro. Tana da nata rauni, domin bincike ya nuna amfaninta ya fi ƙarfi lokacin da take jikin mota, yana raguwa bayan an cire ta idan ba a yi maganin shan kansa ba. Duk da haka, ga mai laifin maye, ta fi takarda da littafin tafiya zama abin dogaro.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan duk labarin wata duniya ce. Ba gaba ɗaya ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, tana da jadawalin laifuffukan hanya da kowannensu ke ɗauke da tara da kuma maki. Ranar da ajiye bayanai ya kai matsayin da makin zai riƙa bin direba daga Sakkwato zuwa Legas, har a fara dakatar da lasisi da gaske, tambayar da Niyu Zilan ta amsa za ta iso ƙofarmu, kuma za ta zo da nauyi, domin a nan mota ɗaya takan ciyar da gida fiye da ɗaya. Darasin da ke akwai shi ne sassauci irin wannan ba ya tsayawa sai a kan ƙasa mai tauri: rajistar da ba a gogewa, jami'in da zai duba sharaɗi a bakin titi, da hukuncin da ke sauka kan wanda ya karya shi ko ɗan wane ne.

Hukuncina shi ne Niyu Zilan ta yi daidai da ta bar ƙofar, ta kuma yi daidai da ta ƙuntata ta. Abu biyu suka rage mata: ta sauƙaƙa hanyar nema ga wanda ba shi da kuɗin lauya, ta kuma haɗa duk izinin da aka ba mai laifin maye da na'urar hurawa, ko da karonsa na farko ne.

Ga ɗan uwanmu da ke zaune a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, wanda wannan jarrabawa ta same shi: ka nemi shawarar masana shari'a tun kafin ranar da za ka tsaya gaban alƙali, domin a wasu wuraren damar a ranar take ƙarewa. Ka gaya wa mai gidanka gaskiya da wuri. Ka nemi iya abin da iyalinka ke buƙata, kada ka ƙara ko awa ɗaya. Kuma har sai katin ya shigo hannunka, ka bar makullin motar a gida.